Tagar Hagu

Zuwa ga maigidana, sanyin idona, inuwar da na saba fakewa a ƙarƙashinta, ruwan randata a ranar zafi. Allah Ya kai haske kabarinka.

Baban yara, ka san inda nake? A tashar jirgin ƙasa, kan benci, jakarka ta goyo a cinyata. Ni da ko asibiti ba na zuwa sai da rakiya! Na kwashe allurai da kwalbar mai da kake yawon gyaran keken ɗinki da su, na zuba zannuwana. Igiyar ce kawai ban taɓa ba. Tana nan daidai faɗin kafaɗarka, jakar sai dukan ƙuguna take yi. Wata ɗaliba ta ce in kawo ta rage mini, na ce ta bar ta haka.

Tun da ka rasu gidan ya yi mini girma. Shi ya sa na fito gari-gari, in ga abubuwan da kake ba ni labari in ka dawo, kana cire takalmi kana zuba, ni ina tankaɗe ina cewa ka cika ƙarin gishiri. Dutsen da ya yi kama da tsohuwa mai ruku'u. Tafkin da fararen tsuntsaye suka rufe kamar an shanya wanki. Gidan nan mai ƙofa a sama babu matakala. Kullum cewa kake ta tagar hagu ta jirgi ake ganinsu.

Na zauna hagu, hasken raina. Na hana kaina gyangyaɗi, goshina a gilashi, gari ya wuce, wani ya zo. Ba dutse, ba tafki, sai gonaki da turakun wuta. Ashe ƙirƙira kake yi don in yi dariya? In haka ne, me kuma ka ƙirƙira mini? Da wa zan yi rigimar, tunda ka kwanta inda ba a amsawa?

Da muka kusa tashar ƙarshe na tambayi mai duba tikiti, wani dattijo mai fara'a. Ya yi dariya, ya ce duk suna nan, ta dama muka wuce su, na hagu sai a komowa yake ganinsu. Ya ce, "Baiwar Allah, wanda ya ba ki labarin nan hanyar gida yake kallo."

Wayyo, farin watana! To in za ka tafi me kake yi? Barci? Ko kana sunkuye kana tunanin wanda ka baro? Ashe sai ka juyo wajena idonka ke buɗewa, kana tsinto mini duniya kamar mai tara kaɗanya a bakin riga. Ni kuwa ina tankaɗe, ko ɗagowa ba na yi.

Na fito da niyyar in yi ta gaba, don tsoron in buɗe ɗakinmu in tarar da shiru. Yanzu na yanki tikitin komawa. Hagu zan zauna, in ga abin da ka gani duk lokacin da kake tahowa gare ni. In dutsen bai yi kama da tsohuwa ba, ka shirya, sai na faɗa maka.

Taka ce ni, a tafiya da komowa, har ranar da zan iso inda kake da nawa labarin.

Maman yaranka.