Ƙullutun Wuyana da Sunayen Kakannina

Malama, ki taimake ni da shawara. Ban yi makaranta ba, tela maƙwabcina ke rubutawa, ni ke faɗa.

Ni tsoho ne mai gyaran takalma. An haife ni da ɗan ƙullutu a tsakiyar wuya. Marigayiya matata takan tsokane ni wai maɓalli na haɗiye ina jariri. Tun rasuwarta yake girma, yanzu ya kai ƙwan kaza. Sau uku ina gasa allurar ɗinkin takalmi ina huda shi a gaban madubi. Ruwa ya fita, ya sace, bayan wata guda ya dawo da zafi. Likita ya sa na zaro harshe kamar yaro, abin ya haura sama. Aka ɗauki hoto, ya ce jakar ruwa ce ta haihuwa, sai an yi aiki an cire ta har da ɗan guntun ƙashi. Na ɗauki hulata na fito.

Ba mutuwa nake tsoro ba. A danginmu ni kaɗai na rage da ya san kakanni bakwai, wa ya haifi wa, ina aka binne wa. Ba a rubuce suke ba. Kullum ina bitarsu ina buga ƙusa, takalma ne masu saurarona. ’Yata tana nesa, kiranta gaisuwar minti biyu ce, ban gaya mata ba. In wuƙa ta tafi da muryata, wa zai faɗe su?

Tsoho Mai Takalma

Baba, da farko ka ajiye allurar nan, wuya ba fatar takalmi ba ne. Huda ba ta cire jakar, ƙwayoyin cuta take shigarwa, kuma tana ƙara wa likita wahalar aiki. Guntun ƙashin kuwa ana cire shi ne don kada abin ya dawo.

Tsoronka ba shirme ba ne, kowane aiki da haɗarinsa, ga kuma shekaru. Amma ba a cika rasa murya a irin wannan aikin ba, ƙullutun da ke girma shi ma abin tsoro ne. Koma wa likitan, ka tambaye shi ƙarara game da muryarka.

Sannan, Baba, sunayen nan amana ce, ko ba wuƙa wata rana za ka yi shiru. Kira ’yarka yau, ka faɗa mata gaskiya. Ta zo ta naɗi muryarka a waya kafin ranar aiki, ta raka ka asibiti. Wataƙila gaisuwarta gajeriya ce don ba ka taɓa ce mata kana bukatarta ba.

Allah ya ba ka lafiya, ya sa jikokinka su ji sunayen daga bakinka.