Langa-langar da Ka Kafa a Bakin Tafki

Assalamu alaikum Yaya Jumare. Ina fata kana lafiya, kai da iyali da mutanen Damagaram baki ɗaya, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Mu nan Madina alhamdu lillahi. Suhaila ta shiga jami'a, Inna kuma tana fama da gwiwa.

Bayan haka, saƙonka ya iso cewa gidana za ka sauka da azumi, har da a gyara maka ɗakin da ke kallon tafki. Yaya, kana da ƙarfin hali! Ranar da ka zo umara na karanta maka dokar unguwar nan: gidaje duka launin yashi, shingen baya gilashi iya ƙugu, kada a tare wa maƙwabci kallon ruwa. Ka ce ka ji. Ina shagona a Ƙiblatain ina fama da masu sayen turare, ka kira leburori biyu kuka zagaye bayan gida da koriyar langa-langa, wai ƙanwarka ba za ta zauna a fili ba. Shekara talatin ina kasuwa cikin maza, wallahi ba kwano ya tsare mini mutunci ba.

Kai ka hau jirgi, ni na tsaya gaban lajna, wato kwamitin unguwa. Shugabansu ya nuna mini hoto, ya tambaya ko kaji zan fara kiwo. Na yi masa murmushin da nake yi wa mai tayin banza, na ce baƙo ne bai san gari ba. Duk da haka suka rufe katinmu na ƙofar tafki wata biyu. Wata biyu Inna ba ta taka hanyar bakin ruwan da likita ya ce ta riƙa bi kullum ba. Gwiwar ta kumbura, yanzu a kujera take salla. Sun kuma rubuta cewa in baƙona ya sake buga ko ƙusa ɗaya, ba za a sabunta mini zaman gidan ba.

Kai kuwa kana can kana gaya wa dangi ka gyara gidan Lauratu. To, na je wajen mai gadi na cire sunanka daga jerin baƙina, khalas, magana ta ƙare. Umair ɗan Kawu yana da ɗaki a unguwar Bi'ir Ali, can za ka sauka, na riga na sanar da shi. In kana son ganin Inna, zan kawo ta Harami bayan la'asar ku gaisa.

Ka gaishe mini da Yaya Hidaya, da Usmanu, da Gwaggo Sara. Inna ta ce a gaishe ka, ni kuma ban hana ta ba.

Ƙanwarka,
Lauratu