Likkafanin da Ba Zan Aiko Ba

Makka, ƙarshen Zulhajji, 1387

Zuwa ga yayana Dawuda a Funtuwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Mu nan alhamdulillah, aikin hajji ya ƙare, an kwashe tantunan Mina, alhazai sun fara komawa Jidda. 'Yata Hadijatu ta sauka lafiya, mace aka samu. Ni ma ƙafar ta yi sauƙi, barci ne dai ya ƙaurace mini, kuma kai ne sanadi.

Yaya, yau zan ajiye kunyar ɗan fari in kira sunansa: Mukhtaru. Na aiko maka shi ya ga dangi, ya koyi kasuwanci a hannunka. Sai ga Alhaji Awwalu, maƙwabcinka, ya zo hajji yana yi mini murna wai ɗana ya zama soja. Ya ce da ake ɗibar samari saboda yaƙin basasan nan, kai da ƙafarka ka raka shi, ka gaya wa masu ɗauka cewa ɗan Makka ne, ya saba da teku. Su kuma suka tura shi Ikko, rundunar da ake zaɓar ƙarfafa, waɗanda ake saukewa daga jirgin ruwa su afka wa gaɓa.

Wa ya gaya maka akwai teku a Makka? Don kun ji alhazai na ƙetare Bahar Maliya, sai kuka ɗauka a bakin ruwa muke shanya? Duwatsu ne nan, Yaya, da rana. Ruwanmu a garwa ake kawo shi. Ruwa mai yawa da Mukhtaru ya sani shi ne ambaliyar da ta gangaro daga duwatsu yana ƙarami, ta ja shi a lungunmu, da ƙyar wani ɗan dako ya cafko rigarsa. Tun daga nan ko bakin rijiya ba ya leƙawa. Ranar da ya tafi wurinku ma, rufe ido ya yi aka hau da shi jirgin ruwa. Bai iya iyo ba. Ba zai faɗa ba kuwa, taurin kan ubansa gare shi, gara ya nutse da a ce masa matsoraci.

Alhaji Awwalu ya ba ni labarin horon kamar abin daɗi. Ya ce ana aske su ƙwal, a ɗora musu jaka da takalma masu nauyi, su dira daga kwalekwale ruwa iya wuya, bindiga a sama da kai, wanda ya jiƙa ta ya sha duka. Ya ce ya zuwa yanzu a inda ƙafa ke taɓa ƙasa suke yi, amma bayan damina ta faɗi za a kai su kogunan kudu. Na karanta tarihin yaƙoƙi da yawa, Yaya, ban ga inda ruwa ya tambayi mutum ko jarumi ne ba.

Da ina da takardar iƙama da ka gan ni a ƙofarka. In na fita garin nan ba ni da hanyar dawowa wurin sauran yaran. Don haka kai za ka je. Ka hau jirgin ƙasa zuwa Ikko, ka nemi babbansu, ka ce ka yi kuskure. Ban ce a cire masa kaki ba, a mayar da shi inda zai taka ƙasa.

Saura magana ɗaya. Ka san sana'ata: alhazai na sayen farin yadi, in wanke musu da Zamzam, in shanya, su tafi da shi likkafani. Mukhtaru ya aiko Alhaji Awwalu da baki, ya ce in wanke masa guda, da hannuna. Ashe shi ma ya san abin da ke gabansa. Na yanka yadin, na kai bakin ruwan, hannuna ya ƙi. Ka gaya masa ba zan aiko ba. Wanda teku ta ci ba ya samun likkafani, wanda ya dawo kuma ba ya bukatarsa yanzu.

Ka gai da Yaya Shatu, da Maryama, da Mahmudu. Na yi maka addu'a a Arfa kafin in ji labarin nan, ban kuma janye ta ba tukuna.

Ƙanwarka,
Sa'adiya