Ina Cikin Takaba, Yayar Mijina Ta Same Ni Ina Dariya Gaban Kwamfuta

Assalamu alaikum Hajiya Juwairiyya. Don Allah ki taimake ni da shawara, domin abin da ke damuna ba irin wanda zan ɗauka in kai wa maƙwabciya ba ne. Duk wadda na faɗa wa, ko ta yi mini dariya ko ta hau salati. Na sauya sunayen mutanen da zan ambata, saboda garinmu kowa ya san kowa.

Ni malamar firamare ce a Birnin Kudu, shekaruna sun haura hamsin. Maigidana, Malam Ƙasimu, malamin gona ne, mutumin Kwandiko ta ƙasar Gwaram. Allah ya yi masa rasuwa farkon daminar nan bayan doguwar jinya. Ɓarin jikinsa ne ya shanye, kuma duk shekarun da ya yi a kwance ni ce mai wanka, ni ce mai juya shi, ni ce mai ba shi abinci a baki. Ban faɗi haka don a yaba mini ba. Mutumin kirki ne, da ni ce a kwance da ya yi mini abin da ya fi haka.

Da aka gama zaman makoki jama'a suka watse, sai na rasa abin da zan yi da hannuwana. Nakan tashi in ɗora ruwan wankansa, sai ya tafasa sannan in tuna. Ina karatun Alƙur'ani, ina jan carbi, ina yi masa addu'a, amma wuni dogo ne ga matar da ba ta fita. Ɗana Aminullahi yana aiki a Dutse, sai ƙarshen mako yake leƙo ni. Autata Munawwara, wadda ke karatun kwamfuta, ita ce ta zo hutu ta tarar da ni zaune ina kallon gadon da babu kowa a kai. Washegari ta ajiye mini tsohuwar kwamfutarta a kan tabarma, ta ce ta saka mini wani ɗan wasa, in gwada ko zai ɗebe mini kewa.

Da farko na ƙi. A sanina wasan gem harbe-harbe ne da tseren mota, irin wanda nake kama ɗalibaina da shi. Ashe wannan daban ne. Hoto ne kawai na ɗaki ko lambu, sai ki kai 'yar kibiya kan ƙofa ko tulu ko mutum ki danna, a faɗa miki abin da ke wurin. Ki ɗauki makulli a nan, ki tambayi wance a can, ki haɗa wannan da wancan har ki warware abin da ya ɓoyu. Babu mai kora ki, babu mai kashe ki. Gajere ne kuma, mai saurin ganewa zai gama shi a zama ɗaya. A ƙarshensa sunan mutum biyu kacal na gani a rubuce, Munawwara ta ce ai irin waɗannan ba manyan kamfanoni ke yin su ba, mutane ne ke zaunawa a ɗakinsu su haɗa.

Labarin na wani gidan zuhudu ne a kan dutse, inda matan Kirista da suka bar duniya suke zaune, ba sa aure, ba sa fita, ba sa yawan magana. Ke ce sabuwar zuwa. Abubuwa suna ta rikicewa a gidan: an zuba gishiri a madadin sukari, an buga ƙararrawa ba a kan lokaci ba, an tsinke furannin lambu an bar ciyawa. Kowa na zargin kowa a ɓoye. Hajiya, na shiga labarin nan kamar ni ma a gidan nake. Matan nan addininsu daban, ƙasarsu daban, amma shirunsu na gane shi. Yadda hasken rana ke tafiya a bango, yadda ƙarar cokali ke cika ɗaki, duk na san su a wannan zaman nawa. Ban taɓa barin wasan ya ci mini lokacin salla ba. Da hantsi nake buɗe shi bayan na gama aikin gida, da an kira azahar in rufe.

To ranar da abin ya faru, na kwana biyu ina fama da wani wuri na kasa wucewa. Can sai na lura tsohuwar da ke shugabantar gidan ba ta taɓa kallon fuskar mai yi mata magana, kullum hannunta na bin bango. Ashe ita ce ke rikita abubuwan. Idonta ne ya tafi, take ɓoyewa don kada a ɗauke ta daga gidan da ta yi rayuwarta a kai ta asibitin birni. Da na gane, ban san lokacin da na tafa hannu na ƙyalƙyale da dariya ba, dariyar da rabona da ita tun kafin Malam ya kwanta. A daidai nan aka ɗaga labule. Yaya Barira ce, yayar Malam, da mata biyu daga Maruta waɗanda ba su samu zuwa gaisuwa ba tun farko. Sun yi sallama ban ji ba. Ga ni da haƙora a waje, ga kwamfuta a buɗe, ga hoton ɗaki da kuros, wato gicciyen Kirista, rataye a bango.

Yaya Barira ba ta ɗaga murya ba, ba halinta ba ne. Ta zauna, aka yi gaisuwa, aka yi addu'a. Na kawo fura ba ta sha ba, na kawo tuwo ta ce a ƙoshe take. Matar da ta saba kwana biyu ko uku in ta zo, ranar kafin la'asar ta nemi mota ta koma Kwandiko. Bayan kwanaki Aminullahi ya kira ni yana ta kwana-kwana, daga ƙarshe ya ce gwaggonsa ta yi masa waya tana kuka. Ta ce ƙasar kabarin ɗan'uwanta ba ta bushe ba matarsa ta koma wasan yara, wasan ma na coci. Ta ce a karɓe kwamfutar har in fita takaba. Yaron ya roƙe ni in yi haƙuri in ajiye don a zauna lafiya. Munawwara kuma ta ce ba mai taɓa ta, ai kayanta ne. Yanzu su biyun ba sa ɗaukar wayar juna.

Maganar kuros ɗin ban raina ta ba. Akwai wani wasan na biyu, na wani mai zuhudu shi kaɗai a tsibiri, da na kai wurin da ba za a wuce ba sai an kunna kyandir an durƙusa gaban mutum-mutumi. Zuciyata ta ƙi, na rufe shi ban sake buɗewa ba. Kuma zaman kaɗaici don Allah ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakana na wajen uwa, a Farin Dutse, yakan shiga halwa, muna yara ana aiken mu mu ajiye kunu a bakin ƙofa mu juyo ba tare da mun yi tari ba. Har na fara ba Munawwara labarinsa, tana cewa wata rana za mu haɗa namu wasan da Hausa.

Amma Hajiya, ga ainihin abin da ya sa na rubuto. Ni lafiyata ƙalau. Ina ci, ina barci, ƙirjina ya yi sauƙi. Ina kewar Malam, wani lokaci ƙanshin man da nake shafa masa kaɗai ya isa ya sa ni hawaye, amma yawancin kwanakina natsuwa nake ji, har da wani daɗi-daɗi. Tun da Yaya Barira ta tafi nake tambayar kaina ko ita ce ta ga gaskiya. Mace mai son mijinta tana jin daɗin zama haka da wuri? Ko dai gajiya na yi da shi ban sani ba? In ajiye wasan ne in nemi gafararta, ko in ci gaba in bar ta da fushinta? Ita ta goyi Malam bayan rasuwar mahaifiyarsu, ba na so zumuncinmu ya mutu tare da shi.

Taki,
Mai Takaba, Birnin Kudu

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya jiƙan Malam, ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara, ke kuma ya ba ki ladan hidimar da kika yi.

Bari in fara da tambayar da kika ajiye a ƙarshe, don ita ce babba. Natsuwar da kike ji ba shaidar rashin so ba ce. Ke kin fara makokin mijinki tun ranar da ya faɗi, kin yi shi a tsaye, da soso da cokali a hannu, shekara da shekaru. Matan da suka yi doguwar jinya da yawa sun rubuto mini irin wannan magana, kowacce tana zaton ita kaɗai ce. Jikin da ya daɗe bai huta ba ya samu hutu, zuciyar da ke kallon wahalar masoyinta kullum ta daina kallo. Duk mai zuwa gaisuwa abin da yake roƙa miki shi ne Allah ya ba ki haƙuri. To ya ba ki. Ki gode masa, ki daina tuhumar kanki.

Ni ba malama ba ce, ba na ba da fatawa. Abin da na koya tun ina Islamiyya shi ne mai takaba ta zauna a gidanta, ta bar ado da turare da zancen aure. Ban taɓa jin an ce ta bar dariya ba. Maganar hotuna da alamun wani addini kuwa, ki aika wa malamin da kika yarda da iliminsa, ki bayyana masa wasan yadda kika bayyana mini, ki bi abin da ya ce. Yadda kika rufe na biyun da kanki ya nuna mini ba ki sakar wa abin linzami ba.

Yanzu ki juyo ki dubi Yaya Barira. Ita ba ta ga shekarun da kika yi kina juya shi ba, sai dai ta zo dubiya ta koma. A wurinta mutuwar sabuwa ce fil, kuma yaron da ta goya ne ya tafi ya bar ta. Ta taho gidanki da baƙi, tana sa ran samun wadda za su yi kuka tare, kuma ta ji kunya a gaban matan da ta jawo. Ban ce ta yi daidai da ta kai ƙara wurin ɗanki ba. Ke ba yarinya ba ce da za a karɓe wa abin wasa, kuma ban ba ki shawarar miƙa kwamfutar ba. Amma zafin da ta ji na gaske ne.

Ki kira ta da kanki, kada ki bi ta hannun kowa. Kada ki tsaya kare wasan, ba za ta gane ba kuma ba shi ne ciwonta ba. Ki ce ba ki ji daɗin yadda ta same ki ba, kin san ya sosa mata rai. Ki gaya mata zancen ruwan wankan da kike ɗorawa, tana bukatar ta ji shi. Sannan ki roƙe ta, tun da ke ba ki da halin zuwa Kwandiko, ta zo ta yi miki mako, ta ba ki labarin yarintar Malam. Duk kwanakin da take gidan kwamfuta ta huta a akwati, haka ma duk lokacin da kike sa ran baƙi. Wannan kara ce, ba amsa laifi ba. Idan ta ƙi a karo na farko, ki bar ta ta huce ki sake kira.

Yaran kuma ki haɗa su ki ce wannan tsakaninki ne da gwaggonsu, kowa ya fitar da bakinsa. Aminullahi zaman lafiya yake nema, Munawwara tausayinki take ji, babu mai laifi a cikinsu, kuma ba su da uban da zai sasanta su yanzu sai ke.

Da hantsi, in gida ya yi shiru, ki buɗe wasanki da zuciya ɗaya. Allah ya sa ki fita takaba lafiya, ya daidaita ki da 'yar'uwarki, ya haskaka kabarin Malam.

Hajiya Juwairiyya