Tarwaɗa Huɗu a Randa

Malam Abdu, a taimake ni da shawara don Allah. Ban yi lakol ba, wato makarantar boko; mai rubuta wasiƙa a kasuwar Cadawa ke rubuta mini, na kuma hana shi gyara maganata.

Gidanmu ne ke riƙon irin kifin tafkin ƙauyenmu. Duk shekarar da tafki zai ƙafe, mukan kama tarwaɗa kaɗan mu sa a babbar randa da yashin gindin tafkin, in ruwa ya sauka mu mayar. A yunwar Kakalaba ina da wayo, na ga mahaifina ya kwana da ciki wayam bai taɓa su ba. To bana damina biyu ke nan tafki bai cika ba, randa na ɗakina.

Yanzu wari ya tashi, irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Yashin ya yi baƙi ƙirin daga ƙasa. Na zuba shi da kauri, ya kai taƙi guda, don su ji kamar suna gida. Na rufe bakin randa da faifai kada ruwa ya tsotse. Ina gutsura musu daga tuwona safe da yamma. Ruwan rijiyarmu ya koma zartsi, harshe ma na jin gishirinsa. In ya ragu sai in ƙara bisa na da. Shekaranjiya na sa hannu na motsa yashin don warin ya fita, kafin la'asar guda ta juya ciki sama. Da biyar ne, saura huɗu.

Babban ɗana ya tafi kudu neman abinci. Matarsa, Suwaiba, ita ke ɗebo ruwa, tun asuba sai hantsi ta dawo da tulu biyu. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, amma na ji tana faɗa wa maƙwabciya cewa ɗiyanta na shan ruwa da awo, kifi na wanka. Ta ce a zubar da yashin, a dafa kifin. Yashin nan ba na zubar da shi, Malam, kada ma ka ce. Daga inda mahaifina ke tsayawa na ɗebo shi. Amma in suka mutu a hannuna, me zan mayar wa tafki?

Tsoho Mai Randa

Amsar Malam Abdu: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Kifin bai ƙi gidanka ba. Yashin ne ya shaƙe. Tuwon da ba su cinye ba yana nutsewa ya ruɓe inda iska ba ta kaiwa, faifai kuma ya tsare warin. Da ka motsa, sai ka sako musu gubar gaba ɗaya. Kada ka ƙara motsa shi suna ciki.

Fid da su cikin ƙwarya da ruwan saman randar tukuna. Kwashe yashin, shanya shi a rana har baƙin ya tafi. Mayar da kaurin yatsa ɗaya kawai. Sauran ban ce ka zubar ba: ɗaure shi a tsumma, busasshe, ya jira tafki tare da kifin. Ɗaga faifan da ƙirare biyu iska ta shiga. Abinci kwana biyu sau ɗaya, abin da za su cinye nan take. Ka daina ƙari bisa tsohon ruwa, gishirin taruwa yake. Ka riƙa kwasar kashi ɗaya cikin uku kana sa sabo.

Sai maganar Suwaiba, kuma tana da gaskiya. Sabon ruwan nan a kanta zai zo. Bar mace da namiji a ƙaramar randa. Sauran biyun a dafa wa jikokinka, ba ka ci amanar kowa ba. Ka kuma zaunar da ita ka ba ta labarin Kakalaba da wurin da mahaifinka ke tsayawa, ka nemi yardarta kan ƙwarya ɗaya ta ruwa. Damina biyu ke nan ita ke shayar da kifin nan, ba a taɓa gaya mata dalili ba. Ran da tafki ya cika, ka ba ta ƙwaryar ta sake su da hannunta.

Allah ya sauko mana da ruwa, ya nuna maka ranar.