Na kushe ɗan farina a gaban kocinsa Bajamushe

Anti Rahama, don Allah ki taimaka min da shawara, kaina ya ɗaure. Ni 'yar Gusau ce, aure ya kawo ni Jidda. Maigidana yana aiki a Madinar Masana'antu, wato unguwar masana'antun Jidda, muna zaune a Aziziyya, kuma 'ya'yanmu duk a nan aka haife su. Maganar a kan babban ce, ɗan farina, kin san dai ba zan rubuta sunansa ba. Shekararsa goma sha shida, ba shi da zance sai ƙwallo.

Yana zuwa wata makarantar koyon ƙwallo, kocinsu Bajamushe ne, Kabtin Dietmar suke ce masa. Tarihin mutumin nan na haddace shi ba da niyya ba, don kullum da shi ake cin abinci a gidanmu. Wai mai tsaron baya ne a ƙasarsu. Bai taɓa yin wani suna ba, amma ya daɗe a kulob ɗaya har gwiwarsa ta lalace aka ce ya haƙura. Daga nan ya koma koyar da yara a garinsu, ya yi Ostiriya, ya yi Turkiyya, rabo ya jefo shi nan. Har na sa ƙanwar yaron, Lama, ta nemo min tsohon bidiyonsa a waya. Na ga saurayi da gashi har kafaɗa yana afka wa ƙafafun mutane kamar an aiko shi, yau kuma sanƙo ne tal, yana ɗingishi. Abin da ya fi ba ni mamaki, wai mahaifiyarsa mai gasa burodi ce, kuma ba ta taɓa fashin zuwa kallonsa ba, ko ƙanƙara ake yi tana bakin fili tana ƙwala masa kira da sunansa. Na yi ta juya abin a raina. Wace irin uwa ce wannan, ba ta jin nauyin idon mutane?

To, makon jiya ya kira iyaye, don zai zaɓi yaran da zai tafi da su horo Jamus lokacin hutu. Baban yaron yana wurin aiki, sai ni na je. Mutumin ya tare ni da fara'a, ya shiga yabon yaron a gaban sauran iyaye, sannan ya tambaye ni yadda nake ganin wasansa. Ni ba na jin Turanci, yaron ne yake yi mana tafinta. Anti, me kuwa zan ce? Na kau da kai, na ce ban taɓa kallonsa ba, kuma wannan ai bai iya komai ba sai kashe takalma, a duba 'ya'yan mutane. Haka uwata ta yi min, haka na ga ana yi. Yaron kuwa ya fassara masa maganar kaf.

Nan take fuskar mutumin ta canza. Daga baya ya aiko wa maigidana saƙo cewa ba ya ɗaukar yaron da gidansu ba su tsaya masa ba, wai ya taɓa asarar wani haziƙin yaro a haka. Ya ba mu zuwa ƙarshen wata mu yi tunani. Maigidana ya ce halas, wato shi ke nan, ni na ɓata, ni zan gyara. Yaron kuwa yana gaishe ni, yana cin abincinsa, bai ce uffan ba. Wai Jamusawa ba su san kara ba ne sam? Kuma yaya zan gyara ba tare da na zubar da kunyar da aka rene ni da ita ba?

Uwa mai son sani, Aziziyya

'Yar'uwa, sannu da ɗawainiya. Ba ki yi abin assha ba. Da a Gusau kika faɗi haka, duk matan wurin sun san akasin maganar kike nufi, wata ma za ta karɓe ta yabe shi a madadinki. A filin nan babu mai karɓa. Shi ma Kabtin ɗin kada ki ga laifinsa. A wurinsu abin da uwa ta faɗa shi ne abin da take nufi, kuma mutumin da ƙwallo ta cinye masa gwiwa ya san akwai ranar da ɗan wasa ba shi da kowa sai gida.

Gyaransa ba wuya. Ku je wurin Kabtin tare da maigidanki, shi ya yi masa bayanin kunyar ɗan fari. Wanda ya zauna a ƙasashe da dama ba zai kasa ganewa ba, ƙila ma ya yi ta yi muku tambayoyi. Sannan ki je wasansu na gaba ki samu wuri ki zauna. Ba wanda ya ce ki yi ihu, a gan ki kawai.

Amma ba Bajamushen ne ya fi damuna ba. Ɗanki haihuwar Jidda ne. Yana jin Hausa, sai dai bai tashi cikin gwaggwanni da kakanni da za su ja shi gefe su ce kada ya damu, son ne ya yi yawa ba. Da bakinsa ya ɗauki maganarki ya kai wa mutumin da yake ganin girmansa, kuma ina jin tsoron ya yarda da ita. Wannan shirun nasa ba haƙuri ba ne.

Kunya ta gaban jama'a ce, a ɗaki babu mai kallonki. Kafin ku nemi Kabtin, ki zaunar da yaron, ki faɗa masa a fili cewa kina alfahari da shi, da Larabci ma in shi zai fi shigarsa. In tafiyar nan ta kuɓuce wata za ta zo, amma abin da yaro ya ɗauka uwarsa na ganinsa a shekarun nan, da shi zai girma.

Allah ya sa a ɗauke shi, ya raya miki su duka.

Anti Rahama