Odessa Ba Ta Shirya Ba

Litinin, 5 ga Fabrairu

Na kai wa Yaya Curtis takardun harajinmu, kamar kowace shekara. Ya sa kuɗin makarantar 'yata Odessa a matsayin kuɗin raino, aka yi mana ragi. Ina saɓa jaka ya ce, "Ki ci ki suɗe, ƙanwata, an kusa ɗauke kwanon. Ranar da ta bar ajin raino ta shiga ajin share fagen firamare, gwamnati ta daina kiransa raino. Ya zama karatun kuɗi, ba ruwanta."

Makaranta ɗaya fa, bango ne kawai tsakanin azuzuwan. Na ce wannan rainin hankali ne. Ya ce in hau mota in je Washington in faɗa musu.

Alhamis, 8 ga Fabrairu

Na kasa zama. Na wanke firjin da ba shi da datti. In babu ragin nan, makarantar ta fi ƙarfinmu, ga mijina Wendell an rage masa kwanakin aiki a sito. Shi ko a jikinsa, yana ta kallon ƙwallo. Haushi kamar in kashe talabijin ɗin.

Asabar, 17 ga Fabrairu

A filin wasa na haɗu da Marcy, uwar tagwaye. Ta ce, "Ba a watan Agusta kika haifi Odessa ba? To ki riƙe ta shekara guda mana. 'Yan Agusta su ne ƙananan aji, kowa haka yake musu, su ƙara ƙwari. Lokaci kike ba ta kyauta."

Shekara guda kuma a ajin raino. Wato shekara guda kuma na ragi. Ban faɗa mata abin da ya zo mini a rai ba, amma har na dawo gida ina jin sanyi a raina.

Talata, 27 ga Fabrairu

Na gaya wa malamarsu, Malama Pruitt, cewa Odessa za ta ƙara shekara a ajin raino. Ta cire tabarau ta dube ni. "Odessa? Wadda ke karanta wa 'yan ajin sunayensu a wurin rataye riguna?" Na ce ai ba karatu kaɗai ba ne, akwai hankali, akwai girman jiki. Ta ce, "To, ke ce uwa." Ban so yadda ta faɗe shi ba.

Wendell kuma da nasa: "Tsakaninki da Allah, yarinyar ce ba ta shirya ba ko aljihunmu?" Na bar masa kicin ɗin.

Alhamis, 29 ga Fabrairu

Ai da gaske ita ce mafi ƙanƙanta a ajin. Wannan ba ƙarya ba ne.

Lahadi, 3 ga Maris

Abincin rana a gidan Mama bayan coci. Na yi bayani, na sake yi: ba ta shirya ba, gara ta jira. Na faɗa har ya zauna mini a baki. Mama dai tana yanka kaza, ta ce, "Ke a shekarunta takalmi ma a juye kike sawa, kuma na tura ki makaranta." Curtis bai ɗago daga farantinsa ba, munafuki, ya san komai.

Odessa tana ƙarƙashin tebur da kyanwa. Ban ma tuna tana wurin ba.

Laraba, 6 ga Maris

Yau aka kai 'yan ajinsu su leƙa ajin manya, su zauna a kujerun da za su hau a sabuwar shekarar karatu. Malama Pruitt ta ce Odessa ta ƙi shiga layi, ta koma kusurwa ta zauna. A mota na tambaye ta dalili.

"Ban shirya ba."

"Wa ya ce?"

"Ke. Kin gaya wa Kaka."

Muna tsaye a danja ta ce, "Mami, me ya rage in iya? In kin faɗa mini zan koya."

Sai da na bayana ya danna hon. Kunya ce ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba, kuma ba ni da abin da zan lissafa mata ko ɗaya.

Juma'a, 8 ga Maris

Yau ce ranar ƙarshe ta sabunta rajista a makarantar Odessa. Ban je ofishin ba, aiki ya yi yawa.

Da na ɗauko ta mun biyo ta makarantar gwamnati ta unguwarmu, wadda ba a biyan kuɗi. Hanya ce kawai ta bi da mu, can ba cunkoso. Tunda mun zo, muka shiga. Fentin ya tsufa, azuzuwan sun cika, ba lambu kamar na makarantarta ta yanzu. Matar ofis ta ce sun fara rubuta 'yan ajin share fage. Na ba da sunan, don dai kar wuri ya ƙare. Ban ce na yanke shawara ba.

Muna fitowa Odessa ta ja mini riga, wai yanzu ta shirya? Na ce tun tuni.

Muka kai mota. Sannan ta ce, "To ki gaya wa Kaka."

Gobe zan kira Mama. Ko dai yanzu, tun yarinyar tana kusa ta ji.